Shamuwar Waya da Jan Ƙwaron Damina

Yayata ce ta koya mini daji. Da kaɗan ta girme ni, amma tun muna yara take mulkina kamar ita ta haife ni. A ƙauyenmu da ke kusa da Anka, da zarar an yi ruwan farko, Inna ba ta sake ganinmu sai yunwa ta koro mu. Yaya a gaba, ni a baya riƙe da gwangwanin madara da muka zuba wa damshin ƙasa. Wani ɗan ƙwaro muke nema, ja wur, mai laushi kamar karammiski, da ke fitowa washegarin ruwa. Ɗan damina muke ce masa. Kana taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi lamo. Yaya takan ɗora shi a tafin hannuna ta ce in daina huci kamar jaki, in yi shiru har ya saki jiki ya fara tafiya. Har yau ina iya jin wannan cakulkulin a hannuna.

Ita ta koya mini gane kanya nunanniya tun daga ƙasa. Ita ke fara hango shamuwa idan ta dawo kan tsamiyar bayan masallaci, ta ruga gida tana ihu a fito da iri. Ƙafafunta kuwa ba su san takalmi ba sai ranar sallah, ranar ma a hannu take riƙe shi.

Sai zinari ya zo. Baƙi suka cika gari, ana kawo duwatsu daga rami ana daka su ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Ina makaranta a Sakkwato aka aiko mini cewa ɗan Yaya na fari ya rasu, bai kai ga yaye ba. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. Yaya dai ba ta sake yarda da ƙasa ba, tsohuwa ko sabuwa.

Suka koma Gummi ita da mijinta, a can ta haifi mace. Tsakar gidansu siminti ne daga ƙofa har bango. Yarinyar nan ta tashi da takalmi a ƙafa, tabarma a ƙarƙashinta, buta da sabulu suna jiranta duk inda ta juya. Ban taɓa cewa Yaya ta yi laifi ba, wanda bai binne ɗa ba ba shi da bakin magana. Amma raina yana ɓaci in ga ɗiyar wadda ta koya mini hawan kanya ta kai shiga firamare ba ta san kanya ba sai a tire.

Ni kuma aikin haɗa manhajar waya na koya. Da na zo zama wurinsu na ɗan lokaci, na lura abu ɗaya ne yarinyar ba ta gajiya da shi, wato wayata. Sai na ce bari in yi mata tarko da ita. Na shiga bin bakin gulbi da gonakin gefen gari ina ɗaukar hoton bishiyoyi, ba na yin nisa, don yanzu ba a sakin jiki a daji kamar da. Na koya wa manhajar gane tsamiya da kuka da aduwa da marke da sauransu. Idan ka ɗaga waya ka nuna bishiya, za ka gan ta a fuskar wayar yadda take, sai kuma wata shamuwa ta zane ta sauka a kan reshe ta gaishe ka. Ta faɗi sunan bishiyar, sannan ta ba ka aiki: ɗauko ganyen da ya faɗo, murza shi, shanshana. Muryar shamuwar tawa ce, na toshe hanci na yi.

Yaya ta ce sai ta gani tukuna. Ta karɓi wayar ta saurara, ta yi dariya har da hawaye a kan muryar, sannan ta ɗaure fuska.

"Wagga shamuwa taka ba ta da hankali, awa kai," ta ce. "Ganyen da yaf faɗi ƙasa za ta ɗauka? Hidda shi."

"Yaya, nan hwa ba a taɓa niƙa dutse ba."

"Can ma haka munka ce."

Na cire ɗaukowa, na cire murzawa, na cire duk abin da zai sa hannu ya kai ƙasa. Aka bar shamuwa da gaisuwa da faɗin suna. Da wannan sharaɗin ta yarda in riƙa fita da yarinyar bayan la'asar.

Yarinyar ta haddace bishiyoyin nan tsaf. Amma ta cikin waya take kallonsu, ɗaya hannun a bayanta kamar mai duba makaranta. Idan caji ya ƙare sai ta ce, "Kawu, mu koma gida, sun ƙare." Ga bishiyoyi a tsaye a gabanta, wai sun ƙare! Na ji haushin kaina ƙwarai. Na yi wahalar banza, na fito da talabijin waje.

Rannan aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Da safe gari ya ɗauki ƙamshin nan da ke sa babba ya ji kamar ya tuɓe takalmi. Yarinyar ta matsa sai mun fita. Yaya ta ce ƙasa jiƙe take, ba ta yarda da ni ba, da ita za a je. Ta yafa mayafi, ta ɗauki butarta da sabulu ta biyo mu tana mita.

A gefen wata gona yarinyar ta tsaya cak. Ga shi nan a kan rairayi, ja wur, yana tafiyarsa a hankali. Rabona da shi na manta. Ta nuna masa waya. Ni bishiyoyi kawai na koya wa manhajar, ƙwari ba su zo mini a rai ba. Abin da na sa shamuwa ta riƙa faɗa idan ta rasa amsa, don kawai kada ta yi shiru, shi ta faɗa da muryar nan ta toshewar hanci: "Wannan kam ban san shi ba. Tambayi babba."

Yarinyar ba ta dube ni ba. Ta sauke wayar ta juya.

"Inna, mi ne na wanga?"

Yaya ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa. Na ga hannunta ya ƙanƙame butar, na ce a raina yanzu za ta ce mu wuce. Sai ta ajiye butar ta tsuguna. Ta sa yatsu biyu cikin damshin rairayin ta ɗauko shi, ya naɗe ƙafafu kamar yadda ya saba.

"Ɗan damina na," ta ce. "Kawo hannunki. Ki yi shiru, kak ki yi huci awa kawunki."

Yarinyar ta miƙo hannu tana kallon fuskar uwarta, ba ta yarda da gaske ake ba. Yaya ta ɗora mata shi, har da 'yar ƙasar da ta biyo shi. Muka yi tsit mu duka. Can ya saki ƙafafu ya fara tafiya, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya tana ɗaga kafaɗa.

Yaya ba ta yi dariya ba. Hawaye ne ke bin fuskarta, ba ta ko share su ba.

"Yayanki bai kai damina ba," ta ce a hankali. "Na so in gwada mai shi."

Da ƙwaron ya sauka, ta jawo buta ta wanke hannun yarinyar da sabulu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar kullum. Nata hannun kuwa ba ta wanke ba. Har muka isa gida tana tafe a gaba, tana murza ƙasar a tsakanin yatsunta.