Yaya da Layi na Biyu

Ranar Litinin, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana. Ina zaune da matan da nake koya wa karatu a gida sai wayar matarsa ta shigo. Ba ta iya haɗa magana ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Na rufe Alƙur'ani na ce wa matan su yi haƙuri su tashi, Mai shi Ya karɓi abinSa. Dukkanmu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma, wanda ya riga da wanda ya saura.

Yaya, masu zuwa gaisuwa sun yi ta cewa an yi rashin likita. Ban gyara musu ba, ko da yake kai ba ka taɓa bari ta wuce ba. Kakan ce kai ba ka duba mara lafiya, jininsa kawai kake dubawa. Abin da ka karanta shi ne ilimin sinadaran da ke cikin jikin mutum, kuma ka ƙarar da fiye da shekara talatin a ɗakin gwaji, tsakanin kwalabe da firij da injin nan mai juya jini har ya rabu biyu. Yaran gidanmu Baban Kwalabe suke ce maka, kana amsawa. Maƙwabta kuwa ba su fasa kawo maka takardar sakamakon asibiti ba. Sai ka sa tabarau, ka bi ta layi-layi kana fassara musu da Hausar da za su gane, in ka gama ka ce, "To, yanzu sai a je wurin likitan gaskiya."

Ina rubuta wannan ne saboda 'ya'yanka. Sun taso suna ganin bayanka da safe, suna jin ana cewa Baba yana kan aikinsa, kuma ba na jin akwai wanda ya zaunar da su ya faɗa musu daga inda aikin ya samo asali.

Daga Innarmu ne. Shekarun baya ta fara rama da yawan kasala, aka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Suka ɗiga jininta a kan tsinken gwajin ciwon hanta, irin wanda layi ɗaya ke nufin lafiya lau, layi biyu kuma akwai cuta. Layi ɗaya ya fito. Muka dawo da ita muna hamdala, aka ci gaba da ba ta maganin ƙarin jini. Sai da cikinta ya kumbura, idonta ya yi rawaya, sannan babban injin babban asibiti ya nuna cutar ta daɗe tana cin ta. Ba ta yi nisa ba bayan nan.

Da aka share makoki ka kwashe mu duka, mu 'ya'yanta, ka kai mu aka gwada da babban injin. Ni kaɗai aka samu da ita, ni autarku. Ba ka bari na ji a bakin wani ba. Ka zo ɗakina ka zauna a ƙasa, ka yi mini bayani har sau uku, don na farko da na biyu kuka nake yi. Ka ce ƙwayar cutar kaɗan ce ƙwarai a jinina, in ana bibiya zan iya tsufa da ita. Ga shi kuwa na soma tsufa.

Akwai abin da ka yi mini a lokacin wanda ba zan manta ba. Dangin mijina, Allah Ya jiƙansa, da suka ji labari sai aka ware mini kofi da kwano, aka ɗaura wa kofin jan zare. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ka zo gaishe su, aka kawo maka ruwa, ka ce a'a, a kofin Auta kake so. Ka shanye a gabansu, ka ce a ƙaro. Sannan ka faɗa musu hanyoyin da ake ɗaukar cutar da waɗanda ba a ɗauka, ba tare da ka kunyata kowa ba. Da yamma na ga surukata tana kwance zaren da kanta.

Daga baya ka gwada jinina da irin tsinken da aka gwada Inna. Layi ɗaya. Ka sayo na wasu kamfanoni, waɗansu suka gane ni, waɗansu suka ce lafiyata lau. Ka ce mini matsala biyu ce: jini irin nawa mai ƙarancin ƙwayar cuta, da kuma zafi, don sinadarin da ke kan tsinken yana mutuwa a hankali in ya daɗe a kanta ko a bayan mota. Daga ranar ka ajiye binciken da kake yi, wanda abokan aikinka suka ce shi zai kai ka nesa, ka koma kan abu ɗaya: tsinke mai araha wanda zai sha zafi wata da watanni, kuma ya gane jinin Auta.

Haka na zama ma'auninka. Duk bayan 'yan watanni sai in hau mota in zo, in hau matakalar nan mai tsawo, in shiga ɗakin da ke warin maganin wanke ƙasa, in zauna a kujerar da hannunta ɗaya ya karye aka naɗe da salatif. Kafin a ɗaura mini roba a damtse sai ka tsaya a gabana ka ce, "Auta, kin yarda?" Na ce maka ai na yarda tun shekarar farko, ka daina wahalar da bakinka. Ka ce yardar bara ta bara ce. Ban taɓa zuwa ka manta da tambayar nan ba. Ni ma na dame ka da tawa, na ce ina ake kai ragowar jinin, don ba na son a wulaƙanta abin da ya fito daga jikin mutum. Ba ka yi mini dariya ba. Ka kai ni har inda ake ƙona shi na gani da idona. A hanyar dawowa ne ka ce, "Malama, in an gama binciken hukuma, a bar mu mu koma aiki."

Akwai wani akwatin ƙarfe a kusurwar ɗakin da kuke kunnawa ya riƙe zafi kamar tsakar rana. A ciki tsinkayen ke zama wata uku kafin a gwada su. Amma kai ba ka yarda da akwatin kaɗai ba. Matarka ta sha tsintar tsinkaye a aljihun mota, a saman durowar kicin kusa da murhu, har a cikin silin. Ta taɓa ce mini, "Yayanki ya mai da mini gida asibiti, kuma ko ciwon kai bai iya warkarwa ba."

Ga kuma dokarka, wadda duk wanda ya yi aiki da kai ya haddace. In an ɗiga jini an jira, a kan tebur ake shimfiɗa tsinken, a karanta shi daga zaune da hasken da ke ɗakin. Ba a ɗaga shi, ba a karkata shi wajen taga, ba a ƙanƙance ido. Ka ce ma'aikaciyar jinya da mutum arba'in ke jiran ta a kan benci ba za ta karkata komai ba, kallo ɗaya za ta yi ta ce wa mutum ya tafi gida. Layin da sai an neme shi, a wurinka babu shi.

Sabon tsinkenka yana gane ni sarai. Wanda ya kwana wata uku a zafi ne ba ya gane ni. Kamfanin da zai buga shi suka ce wannan ba komai ba ne, a rubuta a jikin kwali cewa a ajiye a wuri mai sanyi, ka sa hannu a fitar. Suka ce ko a haka ya fi na kasuwa, zai ceci mutane da yawa, kuma ban ce ƙarya suka yi ba. Ka amsa musu cewa kwalin da aka gwada Inna da shi ma haka aka rubuta a jikinsa. Shekara bayan shekara suna dawowa, kana mayar da su.

Ban san ko kai ne da gaskiya a kowane lokaci ba, Yaya, Allah ne Masani. Na dai ga abin da ya ci maka. Waɗanda ka koyar sun wuce ka a muƙami. Gashinka ya yi fari a kan abu ɗaya. Ni ma na gaji. Jijiyoyin hannuna na dama sun ɓuya, aka koma na hagu, shi ma sai an lallaba. Gwiwata ta daina son matakalar. Ranar da na zo duba ka a asibiti, bayan zuciyarka ta fara ba ka wahala, ka kama hannuna ka juya shi kana kallon tabban allura.

"Na gajiyar da ke, Auta."

"Kai ma ai ka gaji."

"Na gaji," ka ce. "Amma akwai na cikin akwati. Na canza musu abin da ke kare su daga zafi. Ki ba su dama ɗaya."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan a kan aiki.

Cikin masu gaisuwa har da mataimakiyarka, wadda ta yi shekara goma sha biyar tare da kai, wadda kake kira Shugaba saboda ita ke korar ka ka je ka ci abinci. Ta jira mutane suka ragu, ta matso kusa da ni. Ta ce yanzu sa hannun ya dawo kanta, kuma kamfanin sun ce ko ta sa kafin ƙarshen wata ko su janye gaba ɗaya. Sun ce za su buga sunanka a jikin kwalin. Ta ce na cikin akwatin sun isa fitarwa, amma ba ta da fuskar da za ta roƙe ni jini ina cikin wannan hali. Na ce mata ta shirya allurarta.

Na je ranar Alhamis da ta wuce. Farar rigarka tana rataye a bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa ta. Shugaba ta sha wahala kafin ta sami jijiya. Ta ɗiga jinin a kan ɗaya daga cikin tsinkayen akwatin, muka zauna muna jira. Da lokaci ya cika sai ta ɗauki tsinken, ita da ta fi kowa sanin doka, ta nufi taga da shi. Na bi ta. Da ta karkata shi, wallahi akwai wani abu a wurin layi na biyu, kamar inuwar zare. Na san abin da take gani, don ni ma shi nake gani: sunanka a jikin kwali, 'ya'yanka suna nuna wa nasu 'ya'yan, ni kuma na huta da matakala.

Mun daɗe a tsaye. Sannan ta koma ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ja mini kujera, ita ma ta zauna.

"Anti, me kika gani?"

Na duba iyakar dubawata. Tun ina yarinya a gaban allo aka koya mini cewa shaida a kan abin da ido ya gani ake ba da ita, ba a kan abin da rai yake so ba.

"Layi ɗaya," na ce.

"Ni ma ɗaya na gani."

Ta cire safar hannunta ta jefa a kwando, ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ba ta yi a gidan makoki ba. Da ta ɗago ta kira kamfanin a gabana ta ce ba za ta sa hannu ba. Ban ji abin da suka ce ba, maganar dai ba ta yi tsawo ba. Ta ce mini inuwar ta fi ta bara duhu, hanyar da ka ɗauka ta ƙarshe tana da kyau, za ta sake haɗawa ta nemi wasu masu bugawa, in an samu. Ta rako ni har bakin matakala, sai ta tsaya tana murza yatsunta.

"Bayan wata uku za a fitar da na gaba. Anti, kin yarda?"

Ban san ta ɗauki wannan ma a wurinka ba. Na riƙe ƙarfen matakalar na ce mata na yarda.

Da na faɗa wa matarka yadda aka yi, na zaci za ta ji ciwo. Sai kawai ta ce akwai tsinkaye guda biyar a aljihun mota, ta yi niyyar zubarwa, amma bari ta bar su su cika wata ukunsu.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, matar Yaya, ke da kika yi tarayyar miji da ɗakin gwaji shekara da shekaru ba ki kai ƙara wurin kowa ba. Allah Ya ba ki ladan haƙuri, Ya zama gatanki. Ku kuma 'ya'yansa, babanku bai bar muku suna a jikin kwali ba. Ya bar muku sanin cewa bai taɓa yarda a ce wa mara lafiya lafiyarsa lau ba don a huta. Allah Ya raya ku a kan irin wannan. Ina yi wa sauran 'yan uwana ta'aziyya, da Shugaba da duk abokan aikinsa. Allah Ya ƙarfafe su, Ya nuna musu layin nan a sarari, ko ina raye ko ba na raye.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa a gajiye. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka hutar da shi, Ka sada shi da Inna a gidan aminci. Ranar da za a shimfiɗa ayyukan bayi a fili, ba ɗagawa ba karkatarwa, Ka sa alherinsa ya fito sarai, ba sai an nema ba. Amin.