Riƙon Mairo

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Ista, shekarar da nake aji huɗu, aka damƙa mini Mairo. Muna jere a filin makaranta, zafin bazara ya fara cizo tun da safe, an gama addu'a da waƙa, sai shugabar makarantarmu, Malama Saratu, ta ce iyayen 'yan aji ɗaya su matso. Inna Hajo maƙwabciyarmu ta fito daga inuwar darbejiya tana jan wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai kitson kalaba, rigar makarantar har idon sawu, don an ɗinka ta ne ta yi shekaru. Malama ta kira sunana. Na miƙa hannu zan kama yatsun yarinyar, sai ta ɗan buge mini bayan hannu ta ce, "Rifkatu, ba a riƙon yatsa, yatsa zamewa yake yi. Wuyan hannu ake kamawa." Ta ɗauki hannuna ta zagaya shi a wuyan hannun Mairo, ta ɗora nata a kai ta matse har sai da na ji ƙashin yarinyar. Mairo ta ɗaga kai ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa uwarta, "Inna, wannan ai ba ta da girma." Duk fili aka kwashe da dariya.

Makarantarmu ƙarama ce, tana bayan coci a gefen garin Gwaram. Azuzuwan ƙasa ne da rufin kwano, ba katanga, kuma ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshe. Yawancinmu 'ya'yan baƙi ne da aiki ya kawo iyayensu, masu gyaran inji da teloli da ma'aikatan asibiti, amma akwai 'ya'yan manoman gari Musulmi irin su Mairo, waɗanda in an zo darasin addini sukan koma inuwa da nasu malamin. Mu da ke zaune ta hanyar Maruta sai mun tsallake wani rafi kafin mu iso. Saboda rafin nan ne iyaye da malamai suka zauna, tun ba a haife ni ba, suka tsara abin da muke kira riƙo. Kafin damina ta faɗi, duk wanda ya kai aji huɗu za a ba shi ƙaramin yaro daga unguwarsu, shi zai kawo shi, shi zai mai da shi. Mayarwar kuwa ba wai ka tura yaro cikin zaure ka wuce abinka ba ne. Sai ka yi sallama, uwar ta fito ko ta leƙo, ta ce da bakinta, "Na karɓa," sannan ka saki hannu. In tana wanka ka jira, in ta tafi rijiya ka bi ta can. Malama takan ce, "Ba jaka aka ba ku ajiya ba, ɗan mutane ne."

Dangar kara ɗaya ce ta raba gidanmu da na su Mairo. Babana mai gyaran injin ban-ruwa ne, shi ya kawo mu daga kudancin Bauchi, kuma yakan yi kwanaki a fadamu, don haka Mama ce ke tsaye a kanmu. Da safe kafin a karya sai mun zauna a tabarma an yi addu'a, kowa ya kawo ayar da ya haddace, sannan a raba aiki. Yayata ta ɗauki jarkoki zuwa famfon tuƙa-tuƙa, ni in share tsakar gida, in yi wanke-wanke, in ba awaki dusa. Mama ba mai saurin duka ba ce, amma in ka yi rabin aiki za ta zo ta tsaya a kanka, ba faɗa ba tsawa, har ka sake shi daga farko, kuma wallahi gara bulala da tsayuwar nan tata. Ranar da na dawo ina murna an ba ni riƙo, tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To, yau kin zama babba. Abin da kika ci ta ci, inda kika taka ta taka. In wani abu ya sami yarinyar nan a hannunki, da wane ido zan shiga ɗebo wuta gidan Hajo?"

Riƙon Mairo kuwa aiki ne. Ba ta iya tafiya sai da tsayuwa: ta tsaya kallon ƙwaro, ta tsaya tsintar aduwa, ta tsaya gaida jakin wani. Baki kuma kamar rediyo. In an fita tara sai in ga kanta a tagar ajinmu tana cewa, "Yaya Rifka, me kika zo da shi?" Haka za mu raba ɗan rogo da ƙulin da Mama ta ƙulla mini, ita ta ɗauki babban rabo. Kafin ruwa ya sauka rafin nan wurin wasanmu ne, yashi fari tas. A nan muke zana 'yar gala-gala, mu tsinci duwatsun carafke, maza su yi langa har su manta da gida, mu tona rami mu ga ruwa ya tsattsafo. Da damina ta kankama kuma sai gonar makaranta ta ɗauke mu. Kowane aji da kunyoyinsa na gyaɗa da wake, 'yan aji ɗaya su ke bin bayanmu suna kwashe ciyawar da muka nome, kuma in ɗan riƙonka ya tsuge gyaɗa yana zaton ciyawa ce, kai za ka amsa. A haka muka koyi cewa laifin ƙarami na babba ne, tun ba mu san sunan abin ba.

Dokar rafin guda ce. A gaɓar da ke ɓangaren makaranta akwai wani ɓaure da ya miƙa wata ƙatuwar saiwa ƙasa-ƙasa, kamar gwiwar mutum. In ruwa ya kai saiwar nan, ba mai tsallakewa da ɗan riƙo, sai a koma makaranta a jira manya su zo.

Wata Laraba cikin watan Yuli, ana dab da jarrabawa, aka tsayar da ni sharar aji, muka fito a makare, sauran yara duk sun wuce. Mu uku ne a hanya: ni, da Mairo, da Talatu 'yar aji shida, doguwa mai kafirin baki, wadda ɗan riƙonta yake gida ba lafiya. Ranar ko ɗigon ruwa ba a yi a wajenmu ba, rana ƙwal a sama. Amma tun kafin mu ga rafin na ji ƙararsa ta canza. An yi ruwa can sama inda ba mu gani ba, shi ne ya gangaro. Da safe mun ratsa shi a idon sawu, yanzu ga shi jawur, yana kumfa, yana tafe da karare da tarkace, kuma yana lasar saiwar ɓauren, ya taɓa ya koma, ya taɓa ya koma.

Na ce mu juya. Talatu ta ce ai bai rufe saiwar ba. Na ce ba a ce sai ya rufe ba, cewa aka yi in ya kai. Ta tattare rigarta ta ɗora jaka a ka tana dariya: "Ke dai faɗi gaskiya, farar kura! Ruwan da ko ɗan tsako ba zai ci ba? Zauna nan ki kwana da kwaɗi." Ta shiga. Ruwan ya kai mata cinya, na ga ya ɗan tangaɗa ta a tsakiya, amma ta fita, ta juyo tana yi mana gwalo. Mairo kuwa yunwa ta kama ta, tana hango hayaƙin gidansu. Ta fara kuka tana ja na: "Ni gida za ni! Ki sake ni, ke ba innata ba ce!" Na juya da ita za mu koma, sai ta fizga da dukan ƙarfinta ta yi baya, ta taka bakin gaɓa. Ashe ruwa ya riga ya cinye ƙasan wurin. Gaɓar ta zabtare da ita.

Abin da na sani, na faɗi rubda ciki, ƙirjina a laka, hannuna na hagu ya rungumi saiwar ɓauren, na dama kuwa yana inda yake tun daga bakin aji, a wuyan hannun Mairo. Ruwa ya miƙar da Mairo kamar zane a igiya. Na ga takalminta ya tafi, na ga jakarta ta tafi, na ji kafaɗata kamar za ta fita. Ban yi ihu ba, ban ma tuna da addu'a mai tsawo ba, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Na dinga ja da gwiwa da haƙarƙari kaɗan-kaɗan har kanta ya zo kusa da nawa, ta kama wuyan rigata, muka mirgina kan tudu. Talatu tuni ta daina gwalo, ta zubar da jaka ta ruga unguwa tana kururuwa.

Doka ta ce mu koma makaranta, amma ba mu koma ba. Muka zauna a gindin ɓauren, Mairo tana amai da ruwan laka tana kuka, ni kuwa ina nan riƙe da wuyan hannunta. Can sai ga mutane a ɗaya gaɓar, maza da fatanyu daga gona, mata wasu ko mayafi babu. Mahaifin Mairo, Malam Sule, ya bi sama inda rafin ya fi faɗi, ya ratso da doguwar sanda, ruwa har ƙirji. Ya iso ya durƙusa yana shafa kanta yana salati, sannan ya dube ni ya ce, "Sannu 'yata, sannu. Sake ta haka, na zo."

Na ce, "Baba, sai Inna ta ce ta karɓa."

Ya ce, "Ke, ni ne fa ubanta!"

"Malama ta ce uwa."

Ya sa hannu zai ɓamɓare yatsuna a hankali, ya ji sun ƙage kamar ƙarfe. Ni kaina ko na so buɗewa a lokacin ban iya ba. Sai ya miƙe, ruwa na zuba daga rigarsa, ya kewaye bakinsa da hannu biyu ya ƙwala kira: "Hajo! Ki ce kin karɓa! Yarinyar nan ta hana ni 'yata!" Wasu daga mutanen can suka fashe da dariya cikin hawaye. Inna Hajo ta matso har ruwa na taɓa ƙafarta, ta ɗaga murya ta keta ƙarar rafin: "Na karɓa, Rifkatu! Na karɓa! Allah ya yi miki albarka!" Sai yatsuna suka buɗe da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Shatinsu ya yi kwanaki a hannun Mairo. Malam Sule ya ɗauke ta a wuya ya tsallakar, ya dawo ya ɗauke ni.

A gida Mama ba ta yi mini kirari ba. Ta dafa ruwa ta gasa mini kafaɗa, ta dama kunu ta riƙe mini kofin. Na ce mata, "Mama, na ji tsoro." Ta ce, "Ai dole. Wanda ba ya tsoro ba a ba shi ɗan mutane. Ke dai in ya zo, ki ba shi aiki." Washegari da safe ta shiga gidan Inna Hajo ɗebo wuta kamar kullum, sai dai ta daɗe ba ta fito ba. Malama Saratu kuwa ta sanar a fili cewa daga yau uba ma yana iya karɓa, tunda an samu masu hana uba 'yarsa. "Mai hana uba 'yarsa", sunan da Malam Sule ya riƙa tsokanata da shi ke nan har na gama sakandare.

Yanzu ina Birnin Kudu da mijina, ina ɗinki a wani ɗan shago a bakin babban titi. 'Yata Hannatu tana aji ɗaya a makarantar cocinmu, makaranta mai kyau, mai katanga da maigadi da malaman kirki, kuma adaidaita ce ke kwaso yaran layinmu. Watan jiya an tashe su da wuri, mai adaidaitan yana sauri, ya sauke ta a ɗaya hannun titin. Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar burkin babbar mota. Da na ɗago, 'yata ce tsaye a tsakiyar kwalta da jakarta, ita kaɗai, motar ta tsaya dab da ita. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, mun gode wa Allah. Amma tun ranar ba na iya zura zare a allura sai na yi ta gwadawa, kuma ko babur ya taka burki sai na ɗago na dubi titi.

Ba na zargin kowa. Zamani ne ya ba mu katanga da mota, ya ɗauke mana tafiyar ƙasa da 'yan yayye masu jan ƙanana a hanya. Sai dai nakan tuna makarantar nan ta bayan coci, inda yarinya 'yar aji huɗu ta san sunan yarinyar da za a tambaye ta a kanta, in ji kewa ta kama ni. Yanzu kullum in lokacin tashi ya yi nakan rufe shago, ko da mai kaya na zaune, in tsallaka titi in tsaya a inda adaidaitan ke tsayawa. Hannatu na saukowa sai in kama wuyan hannunta, ba yatsa ba, mu tsallako tare.