Ranar da Na Ce Masallacinmu Ba Masallaci Ba Ne

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne ɗan Jos, ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Highbridge cikin Bronx, ina aikin tura gadon marasa lafiya a wani asibiti. A gida na buga ƙwallo har an fara sanina, sai gwiwata ta goce, magana ta ƙare. Amma ƙwallon ba ta fita raina ba. Duk yammacin da jirgin ƙasa ya biyo da ni ta gefen babban filin wasan da ke gangaren unguwarmu, in fitilunsa na haskawa, sai in jingina kai da gilashi in lula duniyar tunani. Ina ganin wani zaure namu na kanmu, kofuna jere a bango, yaranmu sanye da koriyar riga, kiɗan gida na tashi a hankali, kowa ya manta da sanyi da gajiya.

Muna da ƙungiyar ƙwallo da ke haɗuwa ranar Lahadi a fili kusa da kogi. Akwai 'yan Zangon Ghana, da 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya, da wasu abokai Kiristoci 'yan tsibiran Karebiyan. Da muka kama hayar wani tsohon shago don kallon wasa, sai aka naɗa ni shugaba, saboda takarduna sun cika kuma bakina ya faɗa da Turanci. Ba a jima ba wasu suka ce wurin ba zai riƙe kansa ba sai ana sayar da giya ana kuma yin casu a ƙarshen mako. Na yi ɗan ja da baya, sannan na lallashi kaina cewa ai ni ba sha zan yi ba, ba kuma ni zan zuba wa kowa ba. Lasisi biyu ake bukata, na giya da na kiɗa da rawa, domin a wancan lokacin ko rawa ba a yi a irin wannan wuri sai da izinin hukuma.

Lauyan da muka ɗauka ya zo ya auna titin, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce doka ta hana ba da lasisin giya kusa da wurin ibada, ga shi kuma masallacinmu yana 'yan taku kaɗan daga ƙofarmu. Masallacin ɗaki ne guda a saman wani shagon manja da busasshen kifi, ana hawansa ta wata siririyar matattakala. Ladaninsa wani dattijo ne daga Kumasi, kowa Baba yake ce masa. Shi ya fara karɓata da na iso garin nan ban san kowa ba, shi ya samo mini ɗaki, ya ba ni rigar sanyinsa. Lauyan ya ce akwai mafita: dokar tana kare ginin da aka keɓe gaba ɗayansa don ibada ne kawai, wannan kuwa akwai shago a ƙasa. Abin da ya rage, a samu Musulmi wanda ya san wurin ya faɗi haka da bakinsa a gaban kwamitin unguwa. Duk suka juyo suna kallona.

Ranar zaman kwamitin, na shiga na tarar da Baba da wasu dattawa a kujerun gaba, sun zo nuna rashin amincewarsu. Ya ɗago mini hannu da murmushi, yana zaton goya musu baya na zo yi. Da aka kira ni na tashi kamar mai tafiya cikin barci. Na ji muryata tana cewa wurin ba masallaci ba ne a idon doka, ɗaki ne kawai a saman shago inda wasu mutane suke taruwa su yi salla. Baba ba ya jin Turanci sosai, wani ne ke fassara masa a kunne, don haka maganata takan isa fuskarsa ne bayan na riga na wuce ta. Ina kallo murmushin ya dusashe a hankali. Sai wata mata cikin kwamitin ta tambaye ni ko mutane na da yawa ranar Juma'a. Don in nuna ni mai gaskiya ne, na ce ɗakin kan cika har wasu su yi sahu a kan matattakala. Ta sunkuya ta rubuta wani abu.

Kafin lasisinmu ya fito, masu duba gine-gine suka ziyarci masallacin. Suka ce ƙofar fita ɗaya ce, in gobara ta tashi ba mai tsira, kuma ba a taɓa neman izinin tara jama'a a wurin ba. Aka rufe shi ana gab da azumi. Mai ginin ya tsorata, ya ƙi sabunta haya. Matasa suka riƙa hawa bas zuwa wasu masallatai, amma tsofaffi, waɗanda tudun unguwarmu ya fi ƙarfin ƙafafunsu, suka koma salla a ɗakunansu.

Mun buɗe zaurenmu ranar wani wasan ƙarshe da rana. Komai ya zo daidai da yadda na daɗe ina gani a jirgi: kofuna a bango, koren ƙyalle, kiɗa, dariya, mata na rawa da 'ya'yansu a hannu. Ni kuwa ina tsaye bakin taga, ina jin hayaniyar kamar daga ƙarƙashin ruwa take zuwa. La'asar ta yi. A da, wannan ne lokacin da za ka ga direbobin tasi suna faka motoci suna hanzarin hawa sama. Ranar nan kuwa titin shiru, sai kwaɗo a jikin ƙofar masallacin.

Sai bayan ƙaramar Salla na iya zuwa gaishe da Baba a gidan 'yarsa. Na same shi kan buzu kusa da taga, ya rame. Na durƙusa a gabansa don neman gafara. Ya sa aka kawo mini koko, ya tambayi gwiwata, ya tambayi mahaifiyata. Can ya ce shi ma matattakalar nan ta daɗe tana ba shi tsoro, kuma ban yi ƙarya ba ko ɗaya. Sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, sau biyu na tambayi mai fassara ko ya ji da kyau. Ya ce cewa ka yi suna taruwa. Ba ka ce muna taruwa ba.” Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Ya ce ya yafe, ya sa mini albarka. Kafin sanyi ya sake zagayowa 'ya'yansa suka mayar da shi Kumasi, can kuma Allah Ya karɓi abinsa.

Na ajiye shugabancin ƙungiyar. Zauren yana nan, ina jin 'yan ƙungiyar suna cin wasanni, ban kuma riƙe kowa a zuciya ba, domin ba wanda ya tilasta mini tashi a gaban kwamitin. Jama'armu daga baya sun sami wani wuri a ƙasa mai ƙofa biyu, sai dai da nisa, kuma da yawa cikin dattawan ba su taɓa taka shi ba.

Abin da na koya shi ne, mutum kan so wani buri har ya daina ganin mutanen da ke tsaye tsakaninsa da shi. Ina jan kunnen 'yan'uwana mazauna ƙasashen waje, musamman waɗanda ake turawa gaba saboda sun iya Turanci. Maganar da ka yi a gaban hukuma ba ta tsayawa a ɗakin da ka yi ta, kuma ba ka da ikon kiranta ta dawo. Kafin ka buɗe baki, ka je ka zauna da waɗanda abin zai shafa, ka faɗa musu da harshenku abin da za ka faɗa da Turanci. In ka ji kunyar faɗa musu, to kada ka faɗa ko'ina. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Baba a addu'a.