Muryar Mai Kunne

A garejin da ke bayan tashar mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Kunne ake ce masa. Tun yana saurayi ya samo laƙabin, domin idan aka kawo masa mota ba ya taɓa sifana sai ya saurara. Yakan sa a tayar da inji, ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya faɗi inda ciwon yake. Da wannan kunne ya gina gida, da shi ya tarbiyyantar da 'ya'ya har suka kama gabansu.

Da shekaru suka ja, sai ya ga kamar mutane sun lalace. Direbobi sun koyi magana ciki-ciki, masu karanta labarai a rediyo sun zama ragwaye. Wadda ta fi ƙona masa rai kuwa matarsa ce.

"Ki buɗe baki mana! Ƙunƙuni kike yi mini?"

"Ai na faɗa, Baban yara, na kuma maimaita."

"Yanzu kuma maƙaryaci kika mai da ni?"

A gareji ya samo dabarar dafa inji da tafin hannu, yana karanta rawar ƙarfe, bai kuma taɓa tambayar kansa dalilin sabuwar dabarar ba. A gida babu abin dafawa. Matar da a da takan tare shi da labari tun daga bakin ƙofa ta yi ta rage magana, har ta tsaya a kan "ga ruwa" da "sai ka dawo". Shi kuwa ya kira abin girman kai.

Wata rana da hantsi ya koma gida ɗaukar tabarau. Ta tagar falo ya hango matarsa tsaye tana ba ƙanwarsa labari, tana kwaikwayon tafiyar wani, ƙanwar tana dariya har da riƙe ciki. Yana dab da su, amma motsin baki kawai yake gani. Yana shiga matar ta yi tsit, ta wuce kicin.

Ƙanwar ta matso daidai kunnensa, ta ɗaga murya.

"Yaya, ka ga yadda ka zama dodon gidanka? Kunnenka ya daɗe da tafiya. Ita ta hana mu faɗa maka, wai da sunan nan kake cin abinci. Ta ce gara ka yi ta yi mata faɗa."

Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga labulen kicin yana motsi. Ya haɗiye maganar.

Ya daɗe yana kewaye ƙofar asibiti kafin ya shiga. Abin da yake tsoro shi ne a ga Mai Kunne da na'urar ƙara ji a kunne. Likita ta gwada shi, ta maƙala masa 'yar na'urar, ta ce ya yi magana. Ya fara tambayarta yadda ake cire ta, sai ya zabura ya waiga.

"Wane ne yake wannan ihu?"

"Baba, kai ne."

Ashe wannan murya mai kaushi, mai kama da salansar da ta fashe, ita ce take sauka a kan matarsa safe da yamma, ita kaɗai a ɗaki, tana kare masa suna.

Bai ɓoye na'urar ƙarƙashin hula ba. Wani direba ya gani ya ƙyalƙyale da dariya.

"Mai Kunne, an sauke injin kunnen ne?"

"Sabon fulogi aka sa masa. Tayar da motarka mu ji."

Da yamma ya tarar da ita tana ninke kaya a bakin gado. Ya zauna nesa kaɗan, ya sassauta murya iyakar iyawarsa.

"Maman yara, ba ke ce mai ƙunƙuni ba. Na zalunce ki. Ki ba ni labarin da kike ba ƙanwata ranar nan."

Ta daɗe tana duban abin da ke kunnensa.

"Na manta shi," in ji ta, can ƙasa-ƙasa.

Wannan karon ya ji sarai, har da rawar da muryarta ta yi. Bai ce ta maimaita ba. Ya jawo riga ɗaya daga tarin kayan ya fara ninkewa a karkace.

Ta karɓe rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Sannan ta gyara zama ta juyo ta fuskance shi.

"Akwai dai wani," ta ce. "Amma da tsawo."