Ramuka Huɗu a Bayan Mota

Jiya a unguwar Dokki na ga tsohuwar mota an ɗaure mata akwati da igiya, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon nan Bahaushen Sudan mai gareji a unguwar Faisal. Har yau ina jin ƙamshin fata da man inji na shagonsa.

Na taɓa kai masa tsohuwar motar da nake ɗaukar amare, da akwatin da na sayo mata ina ta murna. Ya shafa bayan akwatin, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, wannan na jirgin ƙasa ne. Na mota bayansa a lanƙwashe yake, don ya kwanta a jikinta."

"Baba, biki jibi ne. A huda kawai a ɗaura."

"Ba na huda tsohuwar mota. Ga ramukanta huɗu na asali nan, akwatin da ya dace da su za mu nemo."

Na tafi cikin fushi. Wata biyar ya yi yana yawon nema, ga ciwon ƙafa. Ranar da ya samo, kusoshin suka shige ko guduma bai ɗauka ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa makwancinsa ya karɓe shi haka, cikin sauƙi.