Rabi da Ta Koya wa Inna Rowa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Rabi, kuma har yau ban sami abokin tsokana kamarta ba. Taubashiyata ce, 'yar ƙanin mahaifiyata, tare muka tashi a Tsamaye. Mutanen asibiti sun san Hajiya mai farar riga, wadda ba ta son wasa a bakin aiki. Ni kuwa Rabi na sani, mai tsoron jaki, wadda ko gaisawa ba ma yi sai mun taɓa faɗa.

Ilimin haɗa magunguna ta karanta a Zariya, ta kama aiki a sashen masu ciwon daji, daga baya ta dawo Sakkwato, inda ta ƙare rayuwarta a kan aikin. A gida mai kemis muke ce mata, don mun san abin yana ƙona mata rai. Aikinta ya wuce miƙo ƙwaya ta taga. Ita ke auna maganin da ake ɗura wa mara lafiya ta jijiya, gwargwadon nauyinsa da ƙarfin jininsa, hannu cikin safa, hanci a rufe. Takan ce abin da take haɗawa guba ce da aka sa wa linzami, in aka yi sake da shi sai ya ka da mahayi. Nakan ce to dama mai tsoron jaki ai dole ta san darajar linzami.

A shekarun farin nan na tamanin ne aikinta ya shigo har cikin gidanmu. Waɗanda suka ga lokacin ba sa buƙatar bayani. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, rumbuna suka yi wayam, makiyaya suna sayar da saniya a kuɗin akuya. Ana cikin haka ciwon daji ya kama Inna, mahaifiyata, a nono. Rabi ta tsaya tsayin daka aka yi mata aiki a Zariya, aka sallamo ta da wasu ƙwayoyi da za ta riƙa sha kullum na tsawon shekaru, don kada ciwon ya dawo. Rabi ta yi mata bayani dalla-dalla, Inna tana ta gyaɗa kai.

Abin da ba a koyar da Rabi a jami'a ba shi ne halin gwaggonta. Inna ba ta iya riƙe abu ita kaɗai ba. A shekarun nan ƙwaryar fura ɗaya takan zaga gida uku, kuma yawanci daga ɗakinta take fitowa. To ga magani ya zo daga birni, a kwalba mai kyau, maƙwabta kuma kowa da ciwonsa. Me kuke tsammani?

Bayan 'yan watanni Rabi ta zo hutu, ni ma na taho daga Isa inda nake koyarwa. Muna zaune a tsakar gida sai ga Hajo, wata Bafillatana aminiyar Inna, wadda fari ya raba da tallan nono. Ta durƙusa ta gaida Rabi da murna.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Maganin ga da kika ba Inna, tun da nas sha guiwata ta bar ciwo. Gobe ma za ni kawo matar ɗana, ciki na wahal da ita."

Na fashe da dariya, na ce mai kemis ta yi kasuwa. Da na dubi fuskar Rabi sai dariyar ta koma ciki. Maganin yana iya lahanta ɗan da ke cikin ciki, sannan duk ƙwayar da ta fita gidan, Inna ce ta kwana babu kariya. Ranar na fara jin tsoron rasa mahaifiyata fiye da ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata.

Rabi ba ta iya ɗaga wa gwaggonta murya, don haka lallashi ta shiga yi. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Ke Rabi, shekarar da mutane ka cin 'ya'yan anza don yunwa za ni ɓoye abu ƙarƙashin gado? Kowa yac ci shi kaɗai, shi kaɗai za shi mutuwa."

Sai Rabi ta yi dabara. Ta aiko da babban gwangwani na ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda dama masu yunwa suna buƙata, ta ce wannan na rabo ne, ƙaramar kwalba kuma ta Inna ce. Muka yi ta yaba wayonta. Ashe Inna ta fi mu lissafi. Ta ce tunda an ware ƙaramar, ita ce mai ƙarfi, saboda haka baƙi su sha na gwangwani, aminai na jiki kuma a ba su na kwalba. Hali zanen dutse.

Da labari ya kai wa Rabi, ba ta ƙara ce wa Inna komai ba. Mota ta hau ta dawo, ta bi gidajen unguwa tana sallama, ta tara matan a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu. Ba ta yi musu turancin asibiti ba. Ta ɗaga kwalbar ta ce kwanakin Gwaggo ne a ciki, duk wadda ta karɓi ƙwaya ɗaya, kwana ɗaya ta ɗauka daga rayuwar Gwaggo ta haɗiye. Hajo ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni! Kwana nawa nic ci ma Inna?" Daga ranar rabo ya mutu, don babu mai karɓa. Har ma matan suka mai da abin aikinsu, kullum da hantsi sai wata ta leƙo ta tsaya a kan Inna sai ta ga ta haɗiye. Inna ta yi fushi da Rabi har damina ta dawo, tana cewa an mai da ita marowaciya da tsufanta.

Rabi ta sha gaya mini cewa Tsamaye ce ta ƙarasa mata karatu. Tun daga lokacin ba ta sallamar mara lafiya sai ta tambayi su wa ke shiga ɗakinsa, kuma wa ba ya iya hana wa abu. Matasan da ta horar sun ce da farko sun ɗauka surutu ne irin na manya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi murna da ganin 'yan matan Isa da Sabon Birni suna karatun da a zamaninta ita kaɗai muka sani a cikinsa. Za ta yi baƙin cikin yadda hanyar gida ta zama abin fargaba. Amma abin da zai fi tayar mata da hankali shi ne waya. A da sai Inna ta miƙa hannu take rabon magani, yanzu mutum yana kwance zai tura wa mutum ɗari sunan ƙwayar da ta yi masa amfani. Ban san inuwar da za ta ishi Rabi tara wannan jama'a ba, amma na san da ta gwada.

Ba ta bar gini ba, ba ta bar suna a jikin allo ba. Abin da ta bari mutane ne da suka kwana suka tashi, suka aurar da 'ya'ya, waɗansu ko sunanta ba su riƙe ba. A cikinsu akwai Inna, wadda ciwon bai ƙara waiwayarta ba, ta ga jikoki da tattaɓa kunne, har ta zauna karɓar gaisuwar Rabi da kanta. Ranar uku, da mutane suka ragu, ta kira ni kusa. Ba kuka take yi ba, carbi kawai take ja.

"Ka ga rowar Rabi ko?" in ji ta. "Ta hana ni kyauta da kwanana, ta tara min su tuli. Ga shi yau ina son in ɗiba in ba ta, babu hanya."

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya sa aljanna ce makomarta.