Haƙorin da na karya a ordinatar kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin gona ne. Da ya yi ritaya ya dawo gida Cadawa, buronsu, wato ofishin da ya yi aiki, suka bar mashi wata tsohuwar ordinata, kwamfuta ke nan, irin mai babban akwati da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. A cikinta yake rubuta sunayen irin gero da wake na mutanen dā, da abin da tsofaffi suka faɗa mashi game da kowane iri: wanda ke jure fari, wanda tsuntsu ba ya so. Da yatsa biyu yake bugawa, a hankali, kuma yawancin tsofaffin da suka ba shi labarin sun riga mu gidan gaskiya.

Ni kuwa lokacin ina koyarwa a lakol, na taɓa yin ɗan horo na ordinata a Maraɗi, shi ke nan dangi suka ɗauke ni gwani. Ban taɓa gyara masu wannan zato ba.

Wata rana ya kira ni ya ce injin yana wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ana tauna aya. Na kasa kunne na ce disk ne, ma'ajiyar rubutun, ya tsufa.

"Akwai sabon samfuri, Kawu, marar ƙara, mai sauri. Ni zan sa maka."

"Ka iya dai ko?"

"Haba Kawu."

Na sayo shi a Maraɗi, ɗan siriri, bai kai tafin hannu ba. Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaurensa na buɗe akwatin, shi kuma ya tafi duba tumakinsa. Nan na ga abin da ban taɓa tunani ba. Tsohon disk yana haɗe da babban allon injin ta wata waya mai faɗi kamar ɗamara, bakinsa cike da ƙananan haƙora jere biyu. Sabon kuwa bakinsa ɗan tsukuku ne. Na duba allon ciki da bai, babu ramin da zai karɓe shi.

Da a nan na tsaya na rufe akwatin, da ba komai. Sai na ce bari in cire tsohon in ga yadda yake. Na fizgi wayar a karkace, haƙora uku suka lanƙwashe. Na sa tsinin wuƙa na miƙe biyu. Na ukun ya karye.

Na mayar da komai, na ɗaure, na kunna. Allo baƙi, da ɗan rubutu yana cewa bai ga disk ba.

Da kawu ya dawo na ce mashi abin ya mutu tun kafin in taɓa shi. Ban tsaya nan ba. Na nuna zanen da yake lulluɓe injin da shi na ce zafi ne ya kashe shi, ba a rufe ordinata da zane tana aiki. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Ashe ni na kashe ta. Ka yi haƙuri, ɗana, na sa ka wahalar banza."

Sati biyu ina kewaye ƙofar gidansa. In na hango shi a masallaci sai in koma sahun baya.

Ran nan ya aiko in zo in kai shi Agiye a kan moto, ya ji labarin wani mai gyara kusa da tasha. Ba ni da hanyar ƙi. Muka ɗaure akwatin a baya, ya zauna tsakanina da shi.

Mai gyaran, wani dattijo mai tabarau, yana buɗewa ya ciro disk ɗin ya ɗaga shi ga haske.

"Baba, wannan ai bai mutu ba. Haƙori aka karya mashi. Wa ya sa hannu ciki?"

Ina neman abin faɗa sai na ji kawu ya ce, "Ni ne, da karambanina. Tsufa."

Mutumin ya yi dariya ya ce tsofaffi ma sun shiga zamani. Ya yi wa haƙorin dalma, ya ɗauko wani ɗan guntun allo mai baki biyu, ɗaya na dā ɗaya na yanzu, ya haɗa sabon disk da tsohon injin, ya kwashe rubutun duka ya zuba ciki. Kafin azahar sunayen gero suka fito a allo, babu wanda ya ɓace. Yana yi yana nuna mani, wai tunda ni ne matashi in koya don in riƙa taimakon Baba. Ina ta gyaɗa kai.

A hanyar dawowa na tsayar da moto gindin wani gawo na kashe ta. Ban iya juyawa na dube shi ba.

"Kawu, ni na karya."

"Na sani. Tun ran nan na tsinci haƙorin a kan tabarma da na zo naɗe ta."

"Shi ne ba ka ce komai ba?"

"Ina jiran ka ne. Ka dai daɗe."

Na ba shi haƙuri, har da maganar zanen. Ya ce ita ce ma ta fi yi mashi ciwo, don yini guda ya yi yana zargin kansa kafin ya naɗe tabarmar. Daga nan ya dafa kafaɗata ya ce in tada moto, hadari na haɗuwa gabas kuma akwatin ba shi da leda.